Na Je Karɓo Sunan Attahiru

Mutumin da jami'ar ta ce zai tarbe ni a tashar jirgin ƙasa bai zo ba. Na tsaya da akwati a hannu ɗaya, ƙullin Baba a ɗayan, cikin rigar da a Sakkwato muke ce mata mai kauri, sanyi yana ratsa ta kamar ban sa komai ba. Na kira lambar da aka ba ni, wata murya ta yi magana da yarensu ta katse. Ba zan ambaci sunan garin ba, ko na jami'ar. A gabashin Turai suke, kuma can aka binne ƙanena Attahiru.

Sunana Bello, malamin firamare ne ni a Minanata. Gidanmu yana Ƙofar Atiku, inda mahaifinmu yake karantar da littattafai a zaure tun ba a haife ni ba. Attahiru shi ne autanmu. Ya tafi yin digiri na uku a lissafi, saura kaɗan ya gama ciwon huhu ya kama shi. Muna cikin shawarar wanda zai je jinya aka bugo cewa ya cika. Baba ya ce a rufe shi inda ya faɗi. Bayan an share makoki jami'ar ta aiko cewa wani daga danginsa ya zo ya kwashe kayansa.

Da saƙo biyu na tafi. Na farko na Baba ne. Ya ba ni jakar fata ja, aikin dukawan garinmu, ya ce, "Ka kai ma malaminai. Ka ce mai mun gode. Dut abin da yaron ga yas samu daga gare shi yas same shi, mu ba mu ba shi komi ba sai tarbiyya." Na biyu ban gaya wa kowa ba. Wata ɗaliba mai suna Salma, Balarabiya daga arewacin Afirka, wadda suke ofis ɗaya da Attahiru, ta bugo mini ta'aziyya. Da za ta kashe waya ta ce, "Aikinsa zai fito, amma ba da sunansa ba. Farfesanmu zai sa nasa." Wannan maganar ce ta ɗauke ni daga gida, kayan kuwa ko an ƙone su ban damu ba.

Ita na kira a tashar. Tana aji, sai ta turo wani ya zo ya ɗauke ni. Ina zaune a kan akwati na ga wani gajeren baƙin mutum da hular sanyi har gira yana dube-dube.

"Salamu alaikum. Kai ne yayan Malam Attahiru?"

"Ni na. Ɗazu munka sauka."

"Munka!" Ya fashe da dariya. "Kai da wa kunka sauka, kai da akwatin? Wallahi ku Sakkwatawa ko a cikin duhu na ji ku na san ku."

Sai dariyar ta tsaya masa. Ya ce haka yake tsokanar marigayi kullum. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya ɗora mini, ya ɗauki akwatin. Sunansa Sani, mutumin Kano ne, yana gasa nama a shagon wani Baturke. Shi ya yi wa Attahiru wanka. A ɗakinsa na zauna har na bar ƙasar, yana kwana a ƙasa ni a kan gado, kuma duk gardamar da na yi bai saurare ni ba.

Washegari ya kai ni maƙabarta. Ta Kirista ce, an yanka wa Musulmi wani lungu kusa da katanga. Ƙasar ta daskare, na ɗora hannu na ji ta kamar siminti. Na karanta abin da na karanta. Ban yi kuka ba sai da Sani ya ce su kaɗan ne suka yi masa salla, har sai da suka roƙi direban motar gawa ya kama musu makara. A Ƙofar Atiku da sahu sai ya toshe titi.

Daga nan muka je gidan kwanan ɗalibai. An riga an ba wani ɗalibi ɗakin Attahiru. Mai gadi ya sauka da mu ƙarƙashin bene, ya nuna mana baƙaƙen ledojin shara a jingine da tukunyar dumama ruwa. Na kwance su. Riguna ne, da dardumarsa, da tukunya, da kwalbar man shanun da Inna ta ba shi, ya ci rabi yana tattalin sauran. Babu takarda ko guda. Aka ce littattafan na sashen lissafi ne, sun kwashe. Kwamfutar ma tasu ce, an goge ta an ba wani. Na tambaya wa ya ce a zuba kayan mamaci a ledar shara, mai gadin ya ɗaga kafaɗa ya kalli agogonsa.

Ya kamata in faɗi mene ne aikin, gwargwadon abin da na gane, domin ni lissafina bai wuce na 'yan aji shida ba. A hutunsa na ƙarshe na tsare shi a tsakar gida na ce ya gaya mini abin da yake karantawa, mutane suna tambayata ina jin kunya. Ya ɗauko ƙwaryar Inna da zare. Ya dafa zaren a wuri biyu cikin ƙwaryar ya ja shi ya miƙe. Ya ce in duba, ko'ina ya dafa, zaren ta sama yake bi, ba ya ratsa jikin ƙwaryar. Duk lanƙwasar da take da wannan hali, ita suke nazari. Sai ya ɗauki allo ya jingina shi a bayan ƙwaryar. A wuri mai sumul allon zama ɗaya yake yi, ba shi da zaɓi, kuma wannan zaman shi ke nuna gangarar wurin. Ya yago kwali ya ninke shi biyu, ya ɗora allon a kan karin, allon ya yi ta rangaji.

"Ka gani, Yaya Bello? Ta hagu gangara guda, ta dama wata. Bisa karin kuwa ba ka iya cewa ga gangaratai. Nan lissahin shika tsayawa."

Ya ce an daɗe da sanin cewa irin wannan kari yana iya yawa ƙwarai, har ya zama duk inda ka sa tsinin allura akwai wani kusa, amma in ka tara su duka ba su cin fili ko na ƙwayar gero. Kusan ko'ina ƙwaryar sumul take. Abin da yake nema shi ne: in aka zana layuka a ƙasa, za a iya samun ƙwaryar da karinta zai faɗa daidai kan waɗannan layuka, ba ƙari ba ragi? Wane zane ne yake yarda, wane ne yake ƙi?

Inna ta fito daga madafa ta ce, "Shekarun ga duka ƙwarya kaka karatu? Ku ba ni abata in dama hura."

Salma ta same ni a wani aji da ba kowa. Ƙaramar mace ce mai gilashi, tana magana tana kallon ƙofa. Da Turancina na makaranta da ɗan Larabcin zaure muka fahimci juna. Ta ce Farfesa ne ya ba Attahiru tambayar, wannan gaskiya ne. Amma hanyar da Attahiru ya bi, Farfesa ya ce ba za ta ɓulle ba, ya hana shi. Attahiru ya ci gaba a ɓoye. Tana zaune a teburinta ranar da ya cika allon ofis ɗinsu da alli, ya juyo ya ce mata ya samu, ga wani babban rukuni na zane-zanen da suke yarda. Aka tara sashe duka ya yi bayani. Aka tafa masa. Wani ya tambaye shi yadda dabarar ta zo masa.

"Sai ya sunkuyar da kai," in ji Salma, "ya ce shi ba shi da komai a ciki, duka daga malaminsa ne, shi dai ya rubuta. Na so in jefe shi da takalmi. Me ya sa ya faɗi haka?"

Na san me ya sa. A zaurenmu in ɗalibi ya warware wata mas'ala mai wuya, ba ya cewa ni na gano. Cewa yake, albarkacin Malam ne. Kowa a wurin ya san wanda ya yi aikin. Kuma maganar ba ta ƙarewa a nan. Malamin yakan amsa a gaban jama'a, a'a, ƙoƙarinka ne wane, ya kira sunansa da na mahaifinsa. Ɗalibi ya miƙa, malami ya mayar masa. Haka muka tashi muka gani. Attahiru ya miƙa kamar yadda aka koya masa, ya tsaya yana jira a mayar. Mutumin nan ya karɓa ya sa a aljihu.

Aka sa mini ranar ganin shugabar sashe da Farfesa. Da safe Sani yana ɗaure mini maɗaurin wuya na ulu yana mini huɗuba.

"Malam Bello, nan ba a gaisuwa. Ka shiga da maganarka a baki kamar mai kai ƙara. Ban da ina gajiya, ban da ya iyali."

"Saƙon Baba hwa?"

"Ka bar shi ƙarshe."

"Ban iya sa maganata gaban ta Baba."

"To Allah ya ba da sa'a, Shehu. Ku dai Sakkwatawa ko gobara ce sai kun gaida wutar."

Farfesa dogon tsoho ne mai farin gashi. Yana ganina ya rungume ni, idonsa da ruwa. Shugabar tana bayan tebur da kwamfuta a buɗe. Na zauna na yi abin da aka aiko ni. Na isar da gaisuwar Baba, na faɗi maganarsa kalma bayan kalma, ban rage ba, domin saƙon uba ba a gyara shi a hanya. Na kwance ƙullin na miƙa jakar da hannu biyu. Tsohon ya shafa fatar, ya yi kuka sosai. Duk wannan lokacin matar tana buga rubutu.

Na gyara zama na ce, "Sannan akwai maganar aikin da ya bari."

Ta rufe kwamfutar. Ta ce ta yi farin ciki ƙwarai da zuwana, domin an yi ta raɗe-raɗi a tsakanin ɗalibai cewa dangin suna da ƙorafi a kan aikin, ga shi yanzu ta ji daga bakin dangin cewa komai daga Farfesa ya fito, kuma ta rubuta. Ta miƙe tsaye. Ta ce suna da aji. Na ce ban gama ba. Ta ce in rubuto musu, ta buɗe mini ƙofa tana murmushi.

Na tsaya a baranda. Baba, tsoho mai shekaru, ɗansa yana ƙarƙashin daskararriyar ƙasa, ya aiko da godiya da kyauta, aka ɗauki godiyar aka mai da ita shaida a kan ɗan nasa. Da bakina aka yi. Na rubuta musu kamar yadda ta ce. Har yau ba su amsa ba.

Na ƙi komawa gida nan take. Salma ta ce a satin Farfesa zai gabatar da aikin a gaban baƙin malamai, kuma kowa yana iya shiga. Na yi ta zama a ɗakin Sani ina jira. Gari ba kiran salla, sai waya ta yi ƙara ka san lokaci ya yi. Kafin la'asar ta yi sanyi duhu ya shigo. Sani yana da ɗan garin kuka da yake ɓoyo kamar magani, ya kaɗa mana miya, ya tuƙa wani farin gari da ya rantse tuwo ne. Na ci don kada ya ji ba daɗi. Inna ta bugo tana tambaya ko na ga wurin da yaronta yake kwance, ko akwai inuwa. Na ce akwai.

Ranar taron na zauna a layin baya. Aka haska bango. Sunan Farfesa ne a sama, shi kaɗai. Ya fara magana, ban gane ko kashi ɗaya cikin goma ba, amma zanen na gane shi. Ga ƙwarya, ga kari yana ratsa ta, ga layukan a ƙasa. Har hannu ya ɗaga ya yi rangaji da shi, daidai yadda allon ya yi a tsakar gidanmu. Da ya gama aka tafa, aka ce mai tambaya ya yi. Na miƙe. Ban yi gaisuwa ba.

"Sunana Bello, ni yayan Attahiru ne. Wa ya fara rubuta wannan a allo?"

Farfesa bai ɓata rai ba. Ya ce Attahiru ɗalibi ne nagari, ya taimaka ƙwarai wajen rubutu, kuma rashinsa ya girgiza kowa. Ya ce shi ya ba shi tambayar, shi ya yi shekaru yana tunaninta. Ya ce a wannan ɗakin Attahiru ya faɗa da bakinsa cewa dabarar ba tasa ba ce, da yawan waɗanda ke zaune sun ji. Kawuna suka yi ta gyaɗawa.

Na ce, "Haka muke magana a gidanmu. Ladabi ne. Kai ya kamata ka ce masa a'a. Ni ma malami ne, in na ba yaro tambaya ya amsa, ba na rubuta sunana a kan amsarsa."

Mai kula da taron ya ce wannan ba tambayar lissafi ba ce, a bari sai an tashi. Na ce akwai wadda take wurin ranar da ya samu amsar. Ban kira sunanta ba, ban ma kalle ta kai tsaye ba. Tana layi na uku, ta zuba wa tafin hannunta ido. Na jira. Wani ya yi tari. Wani daga gaba ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kan shafi na kaza, taro ya ci gaba, ni ina tsaye har na gaji na zauna.

Salma ta same ni a matakala tana kuka. Ta ce digirinta a hannunsa yake, takardar zamanta a ƙasar ma da sa hannunsa ake sabunta ta, kuma ita ce babba a gidansu. Na ce na sani. Ta ce in yafe mata. Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Iyakar abin da na iya ke nan a ranar, kuma ta gane ba amsar da ta roƙa ba ce.

Sani ya raka ni tasha, ya hana ni mayar masa da kwat ɗin sai da jirgi ya zo. Ya ce zai riƙa leƙa kabarin ranar Juma'a in shago ya bari. Na san zai yi.

Na dawo Sakkwato na raba rigunan sadaka. Baba ya tambaye ni ko na isar da saƙo, na ce na isar. Sauran na riƙe a cikina watanni, har ranar da Salma ta turo mini hoton shafin farko, an buga aikin. Sunan Farfesa a sama. A can ƙasa, bayan an ja layi, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa an sadaukar da shi don tunawa da ɗalibinsa Attahiru.

Bayan la'asar, ɗalibai suna zaune a zaure, na durƙusa gaban Baba na gaya masa komai, tun daga ledojin shara har taron. Ya saurara bai katse ni ba. Ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da idonsa.

"Ina sunan yaron?"

Na nuna masa.

"To, ai ga shi. Ya ambace shi."

"Baba, a ƙasa ya sa shi. A wurinsu mai aiki sama aka sa shi. Wanda ag ga ƙasa ba shi da komi."

Ya miƙa hannu ya ɗauko wani tsohon littafi rubutun hannu daga cikin gafaka, ya buɗe shafin ƙarshe, ya sa yatsa a kan layin da kakanmu ya rubuta sunansa bayan ya gama kwafe littafin.

"Duba nan, Bello. Sunan wanda yay yi wahala ƙarshe shika zuwa, tare da addu'a. Mutumen ga ya san ladabi. Yaro ya miƙa mai, ya maido mai. Mi kaka so kuma?"

Na buɗe baki na ga fuskarsa. Tun ranar da aka bugo wayar nan ban ga ta saki haka ba. Ya juya ga ɗalibansa ya ce ɗansa ya bar ilimi a ƙasar Turawa har malaminsa ya rubuta sunansa a littafi, a ɗaga hannu a roƙa wa malamin nan alheri da tsawon rai.

Zaure duka aka ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, domin ba a zama da hannu a gwiwa Baba yana addu'a. Aka shafa, aka ce amin. Ban ce ba.

Ban sake tayar masa da maganar ba, kuma ba zan sake ba. Amma abin da na kasa sa su rubuta, ni zan rubuta shi da hannuna, a inda ba mai rufe mini kwamfuta. Aikin nan na inda ƙwarya take yin kari, Attahiru ɗan Malam Usmanu na Ƙofar Atiku ne ya yi shi. An hana shi hanyar, ya bi ta, ta ɓulle. Allah ya jiƙansa.